Kafin a Ce Kwamfutar Ta Tsufa

Makonnin da ke gab da azumi da waɗanda ke biyo bayan ƙaramar Sallah su ne kakar masu hoto a Kano. Biki na bin biki: kamu yau, ɗaurin aure gobe, jibi dina, ga wuni, ga kai amarya. Mutane suna ganin mai hoto yana durƙuso yana miƙewa da kamara a hannu, sai su ɗauka wahalar ke nan. Alhali wahalar tana can tana jiransa a shago bayan an watse, lokacin da zai zauna da hotuna 1,500 ya fara zaɓe, ya gyara haske, ya share ƙurajen fuska, ya daidaita launin leshi don kada uwar amarya ta ce ba shi ta saka ba. Kwamfutar da yake wannan aiki da ita, a yawancin ƙananan situdiyo, akwati ce ta Dell ko HP 'yar Beljiyam, wadda ta gama hidimarta a wani ofis na Turai ko Amurka, ta sauka a Legas, ta biyo mota ta iso Titin Beirut. Ana kunna ta a je a yi alwala a dawo ba ta gama farkawa ba. A danna hoto, sai 'yar da'irar nan ta yi ta juyawa. Dangin ango kuma suna ta bugo waya.

Idan mai hoto ya kai kuka, amsa biyu yake samu. Ta farko ta mai neman ciniki ce: "Oga, wannan ta gaji, canza ta kawai za ka yi." Ta biyu ta mutumin da nake son yin magana a kansa ce, irin mai gyaran nan da kowa ke kira Injiniya ko da bai taɓa taka jami'a ba, wanda zai ja kujera ya ce, "Malam, zauna ka yi aikinka yadda ka saba, ina kallo."

Bai taɓa sukudireba ba tukuna. Abin da yake nema shi ne ya gane a wace gaɓa kwamfutar ke tsayawa, domin nawa iri-iri ce kuma kowacce da mai laifinta. Zai buɗe Task Manager a gefe, ya bar mai hoto ya buɗe Lightroom, ya zagaya cikin hotunan biki ɗaya, ya tura guda zuwa Photoshop, ya ɗora masa gyara, ya adana. Idonsa na kan layuka uku: furosesa, RAM da faifai. In furosesa ce ta cika maƙil lokacin da ake fitar da hotuna 300 zuwa JPEG, ya san sabon faifai ba zai rage wannan jira da wani abin kirki ba, kuma zai faɗa. In RAM ce ta cika da zarar an buɗe hotuna huɗu, ya san akwai magana ta biyu. In kuwa layin faifai ne ya maƙale a kashi 100 cikin 100 alhali furosesa tana zaune ba ta yin komai, ga 'yar fitilar gaban akwatin ta ƙi mutuwa, ga wata ƙara ƙas-ƙas-ƙas daga ciki, to ya kama ɓarawon. A irin waɗannan tsofaffin akwatuna, sau da yawa shi ne: had-dis, faifai mai juyawa da aka haɗo kwamfutar da shi tun daga kamfani.

Had-dis inji ne na gaske, mai motsi. A cikinsa akwai faranti mai maganaɗisu da ke juyawa sau 7,200 a minti ɗaya, wato sau 120 a daƙiƙa, wasu kuma 5,400. Akwai hannu siriri da ke ɗauke da kan karatu, yana shawagi a saman farantin da tazarar 'yan nanomita, ba ya taɓa shi. Duk abin da kwamfuta ta nema, sai hannun nan ya matsa zuwa layin da abin yake, sannan ya jira farantin ya juyo da wurin ƙarƙashinsa. Matsawa da jira sukan ci kimanin kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa. A kunne ba komai ba ne. Amma ma'anarsa ita ce faifan ba ya iya zuwa wurare mabambanta fiye da kusan 100 a daƙiƙa guda. Idan babban fayil ne a jere, yana iya zubo megabait 100 zuwa 200 a daƙiƙa ba tare da gajiya ba. Idan ƙananan abubuwa ne a warwatse, yana iya faɗowa ƙasa da megabait 2.

A ɗauki ɗan kasuwa a Kantin Kwari. Teburin da yake baje atamfa a kai shi ne RAM: abin da ke kai, hannu kawai zai miƙa. Sitonsa na saman bene shi ne faifai, kuma yaro ɗaya tak ke hawa yana saukowa. Ka ce ya kawo dila guda, zai sauko da ita a tafiya ɗaya. Ka ce ya kawo turmi ɗaya daga wannan lungu, ɗaya daga wancan, har turmi 200, to ranar ta tafi a matakala, mai saye kuma ya gaji ya wuce gaba. Mai shago ba rago ba ne, teburinsa ma ba laifi. Matakalar ce ta kashe cinikin.

Sabon faifan da ake maye gurbin had-dis da shi, wato SSD, ba shi da faranti, ba shi da hannu. Ƙwayoyin ajiya ne na lantarki, irin waɗanda ke cikin waya da katin kamara, waɗanda suka samo asali daga aikin Fujio Masuoka a kamfanin Toshiba na Japan cikin shekarun 1980. Isa ga kowane wuri a cikinsa yana ɗaukar kimanin kashi 1 cikin 10,000 na daƙiƙa, kuma yana amsa buƙatu dubbai a daƙiƙa. Nan ne bambancin yake. Lambar da ake bugawa da manyan haruffa a jikin kwali, 550 ko 3,500, saurin babban fayil ce a jere, kuma ita masu saye ke kallo. Injiniya ya san ba ita ce mai hoto zai ji a jikinsa ba.

Dalili kuwa yana cikin yadda manhajojin gyaran hoto ke aiki. Lightroom ba ya taɓa ainihin hoton da kamara ta ɗauka. Duk gyaran da aka yi, haske ko launi ko yankan gefe, yana rubuta shi ne a katalog, wanda rumbun bayanai ne irin na SQLite, sannan yana ajiye ƙananan kwafin kowane hoto domin dubawa, dubbai a cikin foldoji masu yawa. Kowane gungurawa da mai hoto ya yi cikin hotunan biki, Lightroom na aika buƙatu ƙanana barkatai zuwa faifai, daidai irin aikin da had-dis ya fi tsana. Photoshop kuma nasa ciwon dabam ne. Hoton RAW daga kamara mai megafiksel 24, kamar Nikon D750, yakan kai megabait 25 zuwa 30 a kati. Da an buɗe shi a Photoshop a zurfin launi na bit 16 sai ya kumbura ya zama megabait 144, domin kowane ɗigo yana cin bait 6. A kwafi shimfiɗa ɗaya don gyaran fata, an ninka. A ƙara ta cire tabo, ta gyaran gashi, ga tarihin matakan baya da manhajar ke riƙewa don a iya komawa, kafin a ankara hoto guda ya haura gigabait. Kwamfuta mai RAM na gigabait 8 ba ta da inda za ta sa wannan, sai Photoshop ya ari fili a faifai ya riƙa jibge rarar a can. Daga wannan lokaci, kowane shafin burushi yana jiran hannun ƙarfen nan ya isa inda aka aike shi.

 

Sai bayan ya gama karatun layukan nan na Task Manager Injiniya ke zare wuta, ya danna maɓallin kunnawa don sauran cajin ya fita, ya buɗe murfi. A lokacin hunturu za ka ga ya fara dafa ƙarfen akwatin kafin ya taɓa komai a ciki, saboda busasshiyar iska tana tara wa jiki lantarkin da ke tartsatsi a yatsa, kuma ɗan tartsatsin nan ya isa ya kashe ƙwaya. Zai hure ƙurar da ta toshe fanka, tunda dai an buɗe. Sannan ya tsaya yana karanta madabod, wato babban allon da ke cikin akwatin.

Abin da yake karantawa shi ne ƙofofin SATA, inda kebul ɗin faifai ke shiga. Tsara uku ne: ta farko tana ɗaukar megabait 150 a daƙiƙa, ta biyu 300, ta uku da ta fito a 2009 kuma 600, wadda a aikace takan tsaya wajen 550. Akwatuna biyu na iya yin kama da juna a waje, shekara ɗaya, kamfani ɗaya, amma cikinsu ya sha bamban. Dell OptiPlex 3010 an gina ta a kan ƙwayar Intel H61, wadda duk ƙofofinta tsara ta biyu ne. OptiPlex 7010 tana kan Q77, wadda ke iya ba da ƙofa biyu na tsara ta uku, sauran na biyu. Allunan B75 ɗaya tak suke da ita. Wanda bai sani ba zai soka kebul a duk ramin da ya fi kusa da hannunsa, ya yi asarar rabin saurin da aka saya da kuɗi, kuma ba wanda zai taɓa ganewa domin kwamfutar ta riga ta fi da sauri. Gwani yana neman wadda aka rubuta SATA0 a gefenta, galibi mai launi dabam, ya cire tsohon faifai daga nan, ya ba SSD wurin.

In kuma allon duk tsara ta biyu ne, ba ya cewa a fasa. Na sha jin masu sayarwa suna tsorata mutane da wannan don su tura su ga sabuwar kwamfuta, kuma ba gaskiya suke faɗa ba. Ƙofar tana rage saurin babban fayil ne zuwa ƙasa da 300. Ƙananan buƙatun nan na katalog ba su ma kai bakin wannan iyaka, saboda haka mafi yawan ribar tana nan daram.

Daga nan sai maganar NVMe, 'yan siraran faifan nan masu kama da sandar RAM, masu faɗin milimita 22 da tsawon 80. Ba ta ƙofar SATA suke bi ba, ta hanyar PCIe suke bi, kuma a tsara ta uku ta wannan hanya suna kai megabait 3,500 a daƙiƙa. Akwatunan da suka biyo baya, kamar OptiPlex 7040, suna da ramin M.2 a jikin allo. Tsofaffin ba su da shi, amma ana iya ɗora faifan a kan ƙaramin kati a soka shi a ramin PCIe da ke zaune ba komai. A nan tarkuna ke da yawa, kuma a nan ake gane wanda ya san aiki. Yawancin allunan da aka yi kafin wajen 2014 ba su iya tayar da Windows daga NVMe, ko da Windows ɗin zai gan shi sarai bayan ya tashi daga wani faifan. Akwai faifan M.2 da siffarsa kawai ce M.2, cikinsa SATA ne, ba zai yi aiki a katin NVMe ba. Siririn akwati yana buƙatar kati mai gajeren ƙarfe, in ba haka ba murfi ba zai rufu ba. Windows 7 bai san NVMe ba sai an yi masa ƙari, daga 8.1 ne aka haɗo sanin a ciki. Injiniya na ƙwarai yakan warware duk wannan da shawara ɗaya: SSD na SATA ya ɗauki Windows da manhajoji, NVMe kuma, in aljihu ya kai, ya zama faifai na biyu domin filin aron Photoshop da bikin da ake kai. In aljihu bai kai ba, a bar shi. Tsallen daga had-dis zuwa SSD na SATA shi ne babba. Daga SATA zuwa NVMe, a gyaran hoto, sai an sa agogo kafin a ga bambancin a mafi yawan ayyuka, kuma kuɗin ya fi amfani in aka ƙara RAM ya kai gigabait 16.

Sayen faifan kansa wani fage ne. Kasuwa cike take da jabu: kwali mai kyau, suna mai kama da na babban kamfani, a rubuce terabait 1 ko 2, a ciki kuwa ƙaramar ƙwaya ce da aka koya mata yin ƙarya game da girmanta. Za ta karɓi fayil ba musu, Windows zai nuna sunayensu a jere, amma da an wuce ainihin girmanta sai ta riƙa rubuta sabo a kan tsoho ko ta zubar. Ranar da mai hoto zai buɗe hotunan kamu ya tarar da toka-toka, ranar zai sani. Shi ya sa mai gyara na gari ba ya sa faifan da bai yarda da tushensa ba sai ya gwada shi da H2testw, wata 'yar manhaja daga mujallar c't ta Jamus, wadda ke cika faifai har baki da bayanai sannan ta karanto su ta ga ko sun dawo yadda suka shiga. Tana cin sa'o'i. Yana barinta ta ci. Faifan da aka taɓa amfani da shi kuma yana tambayarsa tarihinsa da CrystalDiskInfo, domin kowane faifai yana riƙe da lissafin kansa: awa nawa ya yi a kunne, terabait nawa aka rubuta masa, wurare nawa suka lalace aka maye gurbinsu. Ƙwayoyin SSD suna da iyakar rubutu. Samsung 870 EVO mai terabait 1, alal misali, kamfanin ya ba shi garantin rubutun terabait 600, wanda ƙaramin situdiyo zai yi shekaru masu yawa bai kusanta ba. Masu araha sosai kuma suna da wata ɗabi'a: gigabait na farko-farko suna shiga da gudu, da ɗan wurin saurin da aka ware ya cika sai su koma tafiyar da had-dis ma zai iya wuce su. Mai buga takardu ba zai taɓa lura ba. Mai juye katin gigabait 64 duk daren Lahadi zai lura. Araha ba ta ado.

Kuma yana gaya wa mai hoto tun kafin a kunna cewa terabait 1 zai bayyana a matsayin gigabait 931, don kada a zarge shi da yankan baya. Kamfani da dubu-dubu yake ƙirga, Windows da 1,024.

Sai ƙaura, wadda ita ce wurin da ake iya yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Faifan da ke cikin akwatin nan yana ɗauke da aikin shekaru: aurarraki, sunaye, saukar karatu, fuskokin tsofaffin da wasunsu sun riga mu gidan gaskiya kuma iyalansu kan dawo neman hoton. Injiniya ba ya fara komai sai ya tambaya, "Akwai kwafinsu a wani wuri?" Yawanci amsar shiru ce da sosa ƙeya. To sai an kwafe katalog da hotuna zuwa faifan waje kafin a ci gaba. Ba ya kuma karɓar aikin a daren da za a kai albam da safe, ko da an ninka masa kuɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yana kuma tabbatar da akwai UPS mai batir na gaske ko janareta a kunne, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar kwafe faifai tana mayar da aiki farko, wani lokaci ta bar ɓarna.

Hanya biyu ce. Ko a ɗora sabon Windows a kan SSD a sake girka komai, ko a kwafe tsohon faifan sak da irin su Clonezilla ko Macrium Reflect, ta yadda kwamfutar za ta tashi da komai a inda mai shi ya bari. Sabon girki ya fi tsabta, yana zubar da tarkacen shekaru. Amma mai hoto yana da burusai da salon launi da ya tara, da nau'o'in rubutun da yake sa wa katin gayyata, da saitin firinta da aka sha wuya kafin launinsa ya yi daidai da allo. Gwani yana auna wannan, ba ya yanke hukunci da abin da ya fi masa sauƙi. In kwafe za a yi, sai ya fara rage kaya, domin ba a juye faifan da ke ɗauke da gigabait 800 cikin SSD mai 500. Hotuna su koma gefe, Windows da manhajoji kawai su yi ƙaura. Yana duba cewa farkon ɓangaren faifan ya zauna daidai kan iyakar 4K, matsalar da akan gada daga faifan da aka fara tsarawa tun zamanin Windows XP, wadda ke sa SSD yin rubutu biyu a inda ɗaya ya isa. Yana leƙa BIOS ya ga ko ƙofofin suna kan AHCI ko an bar su a tsohon tsarin IDE, kuma ya san in aka sauya wannan kai tsaye bayan Windows ya riga ya zauna, shuɗin allo ne zai tare ka, sai an bi ta Safe Mode. Tashin farko kuma yana yin sa ne da tsohon faifai a cire, don ya tabbata SSD ɗin na tsaye da ƙafarsa, ba jingina ya yi da ɗan'uwansa ba. In kebul ɗin wuta bai isa ba, ya gwammace ya ari na na'urar DVD da ba a ƙara amfani da ita, a kan ya sa irin arahar mahaɗar nan ta roba da aka sha gani ta narke.

Duk wannan, wani zai ce, yaron shago ma zai iya koya. Haka ne. Inda nake cire wa mutumin nan hula shi ne abin da ke biyo baya, wato rabon wuri, domin a nan ne ake ganin ya fahimci sana'ar wani, ba tasa kaɗai ba. Mai gyaran da bai san aikin hoto ba zai sa SSD, Windows ya tashi cikin daƙiƙa 20, kowa ya yi murna, a biya shi ya tafi. Washegari Lightroom na nan da nawarsa, saboda katalog yana can a tsohon faifai. Injiniya kuwa zai ɗauko katalog da foldar kwafin dubawa da ke zaune kusa da shi, ya kai su SSD tare. Zai shiga saitin Lightroom ya mayar da ma'ajiyar wucin gadi ta Camera Raw kan SSD, ya ɗaga ta daga gigabait 5 da take zuwa da shi zuwa 20 ko fiye. Zai shiga Photoshop ya nuna masa faifan da zai riƙa aron fili, ya cire alamar daga tsohon. Ya san dabarar riƙe Ctrl da Alt lokacin da Photoshop ke tashi, wadda ke ba ka damar sauya wannan faifai ko da manhajar ta ƙi buɗewa saboda wurin ya cika. Zai nuna wa mai hoto ma'aunin Efficiency da ke ƙasan hoto: in yana kan 100, aikin duk a RAM yake, in ya riƙa faɗuwa, an fara aro.

Ainihin hotunan RAW kuma ya raba su biyu. Bikin da ake aiki a kai ya zauna a SSD. Wanda aka gama aka miƙa ya koma babban had-dis, inda fili ke da araha kuma ba a gaggawa. Zai ja kunnen mai hoto cewa wannan mayarwa a cikin Lightroom ake yin ta, a ja folda daga nan zuwa can, domin in aka yi ta a bayan idonsa, sai a wayi gari da alamar tambaya a kan kowace folda. Saboda wannan dalili ne ma yake kula da harafin faifai: in hotuna suna D a da, to su ci gaba da zama D, ko kuma a nuna wa katalog sabon wurin daga uwar folda sau ɗaya. Zai ce a bar wa SSD aƙalla kashi 20 cikin 100 ba komai, don cikakken SSD yana rage gudu. Kafin ya tashi zai kalli abin karanta katin kamara. In na USB 2.0 ne, ko an soka shi a baƙar ƙofa alhali ga shuɗiya a baya, to megabait 35 ne iyakarsa a daƙiƙa, kuma cikakken katin gigabait 64 zai ci wajen rabin sa'a ko da wane irin faifai ne a ciki.

Akwai abin da yake faɗa wanda masu saye ba sa son ji. Had-dis yakan yi jinya kafin ya mutu, ya yi ƙara, ya yi nawa, ya ba ka kwanaki. SSD yana iya yin lafiya lau da daddare, da safe BIOS ya ce bai san shi ba. Abin da aka goge a kansa ma da wuya ya dawo, saboda umarnin TRIM, wanda Windows ke aikawa tun daga Windows 7, yana sa faifan share wuraren da aka saki don ya riƙe saurinsa. Ba kuma wurin adana tarihi ba ne a jefa a durowa: ƙa'idar masana'antar ta nemi SSD na gida da ya cinye iyakar rubutunsa ya riƙe bayanai shekara ɗaya ba wuta a zafin digiri 30, kuma ƙarin zafi na rage wa'adin. Kano a watan Afrilu tana haura 40. Saboda haka maganar kwafi ba ta ƙare ranar ƙaura ba. Ƙa'idar nan ta kwafi 3, a kan nau'in ma'ajiya 2, ɗaya a wani wuri dabam, mai hoto ne ya yaɗa ta, Ba'amurke Peter Krogh, a littafinsa The DAM Book. A situdiyon unguwa fassararta ita ce faifan waje guda da ke kwana a gida, ba a shagon da gobara ko ɓarawo zai iya kwashe komai a dare ɗaya ba.

Ba ya kuma yi wa tsohuwar alƙawarin abin da ba za ta iya ba. Sababbin kayan aikin Adobe masu cire dusar hoto da basirar na'ura katin zane mai ƙarfi suke nema, SSD ba ruwansa. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance yana neman furosesar Intel daga tsara ta takwas da TPM 2.0, abin da akwatin 2012 ba ta da shi. Ranar canji za ta zo. Amma SSD ɗin da aka saya yau za a zare shi a kai sabuwar, kuɗinsa bai faɗi ba.

Gwajin ƙarshe da bikin da aka fara kallo da shi ake yi, folda ɗaya, hoto ɗaya, mai hoto a kan kujerarsa. Tsohon faifan kuma ba a goge shi ranar. Injiniya zai ce a bar Windows ɗin da ke kansa yadda yake har sai an gama biki ɗaya ko biyu da sabon tsarin, an buga, an miƙa, an ga ba abin da ya ɓace. Bayan nan ne zai sake duba lissafin lafiyarsa. In wuraren da suka lalace sifili ne, a share shi ya zama ma'ajiyar gamammun ayyuka. In lambar ta fara hawa, a sayi wani, wannan a rubuta masa kwanan wata a jiki a ajiye.